Haƙƙin Mai Lissafi

Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo daga birnin Kano zuwa Rimin Gado, sai ya gifta ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero, inda ake yaye injiniyoyi kowace shekara. Amma in ya iso ƙauyukanmu, ya ga rijiyar burtsatse da ta ƙafe tun ba a je ko'ina ba, ya ga kwalbatin da ruwan Agusta ya yi awon gaba da shi, lalle ne ya tambayi inda ilmin nan yake tafiya. Amsar kuwa a fili take: ilmi yana bin inda ake biyan haƙƙinsa, mu ko ba mu saba biya ba.

Shin ana yi wa injiniya adalci? A ganina ba a yi. Mutumin da ya shekara 5 a jami'a, ya yi bautar ƙasa, sa'an nan ya nemi rajista da hukumar COREN kafin a yarda da sa hannunsa, kuma shi za a tuhuma in gini ya rufta, bai kamata albashinsa ya ƙare tun wata bai raba ba, alhali ɗan kwangilar da bai san awon rodi ba shi ne mai kwashe riba. Mu ma talakawa da namu laifin, domin maigida zai sayi siminti ba ciniki, ya sallami birkila da lebura kafin magariba, amma in ɗan maƙwabcinsa ya zana masa fasalin gida, ya ƙididdige nauyin da tushe zai ɗauka, sai ya sallame shi da "Allah ya yi albarka". Addu'a abar so ce, sai dai malaman fiƙihu sun sanya irin wannan aiki a babin ijara, sun kuma lissafta sana'o'in da jama'a ba ta wadatuwa da barinsu cikin farillan kifaya.

Magani na farko yana hannun hukuma. A zamanin Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, aka kammala madatsar Tiga a 1974, hukumar WRECA kuma ta yi suna wajen gina madatsun ruwa da hannun ma'aikatan jiha. In aka komo da wannan sunna, ƙaramar hukuma ta daina ba da aikin da injiniya bai sa wa hannu ba, darajarsa za ta ɗagu, ladansa ya biyo baya.

Na biyu yana hannun injiniyan kansa. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, manomin rani yake neman famfo mai aiki da hasken rana, mai injin niƙa yake neman wanda zai rage masa shan mai. Saurayin da ya ajiye girman kai, ya durƙusa a bakin rijiya ya auna zurfin ruwa kafin ya faɗi yawan faifan sola da za a saya, ya rubuta yarjejeniya, ya yanke ladansa tun kafin a fara aiki, ba zai zauna jiran albashi ba. Mu kuma, in ya yanke, mu biya shi cikin mutunci, domin ladan lissafi bai kai asarar rijiyar da aka haƙa da ka ba.