A Dawo Mana Da Labarin Da Yaro Ke Amsawa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wani abu da ya shafi 'ya'yanmu ƙanana, musamman a nan Ƙanƙara da maƙwabtanmu Faskari da Sabuwa.

Waɗanda suka yi zaman Zariya ko Kaduna ko Kano wajen shekarar 2000, ƙila za su tuna da wasu faya-fayan CD na labaran yara da ake sawa a kwamfuta, a wasu makarantun kuɗi da gidajen 'yan boko. Wani kamfani na Amurka mai suna Broderbund ne ya fara fito da su a 1992 da sunan Living Books, wato littattafai masu rai. Na farkonsu, Just Grandma and Me, labarin wani ɗan ƙarami ne da kakarsa suka tafi yini bakin teku. A 1993 kuma aka fito da tsohon labarin nan na tseren kunkuru da zomo.

Ga yadda abin yake, don wanda bai taɓa gani ba. Shafin littafi zai bayyana da hotonsa, murya tana karantawa, kowace kalma tana haskakawa daidai lokacin da aka faɗe ta. Daga nan sai labarin ya tsaya cak, yana jiran yaro. In ya danna tsuntsu, tsuntsu ya yi kuka. In ya danna ƙofa, wani abin dariya ya leƙo. In ya danna kalmar da ta gagare shi, a sake faɗa masa ita, ko sau goma ne, ba tsawa ba bulala. Shafi ba ya juyawa sai yaro ya ga dama. Babu intanet, babu sayen data, babu talla. Da yawa cikin waɗanda suka yi wasa da su yanzu iyaye ne, kuma har gobe suna begensu.

To, wani zai ce, Malam, me ya haɗa manomin Sabuwa ko mai tireda a Faskari da kwamfutar Turawa, mu da ko wutar lantarki sai mun yi sa'a? Amsata ita ce, mu ma muna da namu tun kafin a haifi masu wancan kamfani. Da dare bayan an ci tuwo, kaka za ta ce ga ta nan ga ta nanku, kuma ba za ta ƙara ko kalma ɗaya ba sai yara sun ce ta zo mu ji ta. In Gizo ya shiga tarko, sai ta dakata ta ce, to me kuke gani zai yi? In an zo wajen waƙa, ita ke bayarwa, yara ke amshi. In aka koma kacici-kacici ka kasa, sai ka ba da gari kafin a faɗa maka. Da faifan Bature da tatsuniyar kaka, sirrinsu ɗaya ne: yaro yana da hannu a cikin labarin, kuma galibi akwai babba a gefensa.

Yau fa? An miƙa wa yaro ɗan shekara huɗu waya don ya yi shiru uwa ta ƙarasa aiki. Hoto yana ƙarewa wani yana farawa, ba wanda ya tambaye shi komai, ba abin da ake jira daga gare shi. Baki buɗe, ido a kafe, har caji ya mutu. Yawancin abin da yake kallo ma ba da harshensa ba ne.

Ita kuma hirar dare, ba waya kaɗai ta kashe ta a yankinmu ba. Kowa ya san abin da ya faru ranar 11 ga Disamba, 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Rashin tsaro ya sa ƙauyuka da yawa sun watse, makarantu sun yi ta rufewa, dandali ya mutu domin magariba na yi kowa ya shige ɗaki. Kaka tana gudun hijira a Funtuwa, jikoki suna wani gari. Wa zai yi wa wa tatsuniya?

Akwai kuma darasin da bai kamata mu manta ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, har tsawon watanni. Duk abin da ya dogara da intanet ya zama banza a lokacin. Abin da ke cikin memori kuwa ya ci gaba da aiki. Saboda haka duk wanda zai yi wa yaranmu wani abu na karatu a waya, to ya yi shi irin na tsofaffin faya-fayan nan, mai aiki ko babu sabis.

Don haka nake kira ga malaman Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma, su haɗa kai da matasanmu masu ilimin kwamfuta su yi mana irin wannan da Hausa. Ba za su rasa kayan aiki ba. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littattafai shida, ga kuma Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, sai dai a nemi izinin masu haƙƙi. Muryar kuwa a zo a ɗauki ta tsofaffin matanmu, da Katsinancinsu, a biya su ladan wahalarsu. Turawa sun farfaɗo da nasu a 2012 sun mayar da shi cikin wayar hannu. Mu me ya hana mu? Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ita ma ta sa hannu, domin yaron da makarantarsa ke rufe zai iya fara gane baƙaƙe a gida.

'Yan'uwana masu shagon caji da tura fina-finai a kasuwanninmu, ku ma kuna da rawar takawa. Akwai wani shiri mai suna African Storybook da ke ba da ƙananan littattafan yara masu hotuna kyauta, har da na Hausa. Ku sauke su ku ajiye. Wanda ya zo a tura masa fim, ku ƙara masa da guda biyu na yara, ga ciniki ga lada.

Iyaye kuma, kada mu zauna jiran gwamnati. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In za ka ba yaro waya, zauna kusa da shi ko na minti goma, ka tsayar da hoton ka tambaye shi abin da ya gani da abin da zai biyo baya. In Allah ya bar maka tsohuwa a gida, a kashe waya a shimfiɗa tabarma ko a tsakar ɗaki ne. In kuma tana nesa, a ɗauko muryarta a waya tun tana da rai, a kunna wa jikoki, a riƙa tsayawa suna amsawa.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu da ƙasa baki ɗaya, ya shirya mana zuri'a, amin.

Naka,
Wani mai kishin yara,
Ƙanƙara, Jihar Katsina.