Samanja Mazan Fama da Hausar da muke jin kunya

'Yan uwa na Gumbihini da sauran unguwannin Tamale.

A shekarar 1942 aka haifi wasu mutum biyu, ɗaya a Balin ta ƙasar Jamus, ɗaya a Pategi a bakin kogin Kwara. Dukansu sun ci abinci da muryarsu, kuma dukansu sun rasu a 2023 suna da shekara 81.

Bajamushen shi ne Thomas Danneberg. Ya fito a finafinai da fuskarsa, amma da muryarsa ya yi suna. Al'adar Jamusawa ce idan fim ya zo daga waje su juya maganarsa zuwa harshensu, kuma shi ne ya daɗe yana ara wa Sylvester Stallone da Arnold Schwarzenegger baki. Jamusawa sun san sunansa, domin sun ɗauki wannan aiki hidima ce ga harshensu.

Na biyun namu ne, Alhaji Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja Mazan Fama. Banufe ne, ɗan gidan sarauta. Ya yi aikin soja, ya ga yaƙin basasar Najeriya, sannan ya ɗauko rayuwar bariki ya mayar da ita wasan kwaikwayo a Rediyon Kaduna da talabijin. Mu da muka haura hamsin mun tuna yadda iyayenmu ke murɗa akwatin rediyo da daddare suna neman Kaduna. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 12 ga Nuwamba, 2023.

Abin da ya sa muka ɗauko zancensa shi ne irin Hausar da ya yi wasa da ita. Hausar bariki ce, mai gauraye da Turancin soja, wadda ba ta cika kula da bambancin "ya" da "ta" ba. Duk da haka Kano da Katsina da Sakkwato sun zauna sun saurare shi, sun yi dariya, sun ɗauki darasi kan ladabi da riƙon amana. Wannan Hausa 'yar uwar tamu ce. Tun zamanin Turawa da ita ake magana a rundunar sojan Gwalkwas, kuma ita fataken goro suka shimfiɗa daga Salaga har Kumasi.

To, mu fa? Idan baƙo ya zo daga Najeriya sai mu riƙa ba shi haƙuri, muna cewa tamu Hausar Gana ce. Yaranmu suna ji. Sun ga iyayensu na jin kunyar bakinsu, sai suka koma Dagbanci a waje, Turanci a makaranta, Hausa kuwa ta rage ta gaisuwa da aike. A zauren maigidanmu mun sha ganin jika ya durƙusa gaban kakansa, a yi masa nasiha, ya fita yana tambaya me tsoho ya ce.

Mun san wasu malamanmu suna da ƙorafi kan wasan kwaikwayo, kuma akwai gaskiya a ciki, don akwai wasannin da ba su dace da gidan Musulmi ba. Amma gyara ake yi wa abin da ya karkace. Idan muka rufe ƙofar gaba ɗaya, yaran za su ci gaba da kallon abin da ke cikin wayoyinsu da harshen wasu.

Shawararmu ga iyaye da shugabannin matasa ita ce, kowace makarantar Islamiyya ta shirya gajeren wasa da Hausar gida a lokacin walimar sauka ko Mauludi. Matasa masu waya su ɗauki muryar dattawanmu suna ba da labarin zuwan kakanninmu, tun suna raye. Yaron da Allah Ya ba baiwar kwaikwayon murya kuwa, a daina kiransa shashasha, a sa masa albarka, a nuna masa hanya.

Allah Ya jiƙan Samanja, Ya sa 'ya'yanmu su riƙe harshen iyayensu.