Filin Lissafi: Daga Tsawon Kifi Mu San Nauyinsa

Darasinmu na wannan wata na masunta ne, na tabkin Madarunfa, da Tabalak, da Gidimuni, da na bakin kogi a Gaya.

Sau da yawa masunci ba shi da ma'auni a bakin ruwa. Mai saye ya dubi kifi da ido, ya faɗi kuɗin da ya ga dama. Ga dabarar da za ta rage wannan asara.

Da farko a samu karfasa biyu, ƙarama da babba. A auna tsawonsu daga baki zuwa ƙarshen wutsiya, a kai su ma'auni sau ɗaya. Misali: ta farko santimita 20, giram 160. Ta biyu santimita 25, giram 310.

Bambancin tsawo: 25 a cire 20, saura 5.
Bambancin nauyi: 310 a cire 160, saura 150.
A raba 150 gida 5, an samu 30.

Ke nan kowane santimita ɗaya yana ƙara giram 30. Amma 20 sau 30 ya ba da 600, alhali kifin giram 160 ne. Rarar ita ce 440. Ga ƙa'idarmu:

Nauyi = (tsawo × 30) − 440

Mu gwada da karfasa mai santimita 22: 22 sau 30, 660, a cire 440, saura giram 220. In kana da irinta 20 a kwando, kilo 4 ne da giram 400. Yanzu ka san abin da kake sayarwa.

Amma a yi hattara da abu biyu. Na ɗaya, kowane irin kifi da nasa lissafi. Tarwaɗa doguwa ce siririya, ƙa'idar karfasa ba ta yi mata. A sake awo da tarwaɗa biyu. Na biyu, ƙa'idar tana aiki ne kawai tsakanin tsawon kifayen da aka auna. In ka gwada ta da karfasa mai santimita 14, za ka samu 420 a cire 440, ƙasa da sifiri. Babu kifi haka.

Dalili kuwa, kifi yana girma ta tsawo da faɗi da kauri a lokaci guda. In tsawonsa ya ninka biyu, nauyinsa yakan ninka wajen takwas. Karfasa mai santimita 10 ba ta wuce giram 20 da yawa ba. In an bar ta ta kai 20, ta zama 160.

Saboda haka mai jefa koma mai ƙaramin ido kansa yake cuta: ya kama giram 20, ya zubar da 140, ya kuma rage kifin da zai hayayyafa baɗi. Mu tattauna wannan a taron ƙungiya, malamin yaƙi da jahilci ya rubuta ƙa'idar a allo.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.