Ƙurar Asbesto Da Haƙƙin Leburorinmu

A Agege, Mile 12, Idi-Araba da Sabo Ibadan, duk inda ake rushe tsohon gini ko sake rufi, yaranmu ake kira su kwashe tarkace. Cikin tarkacen nan kuwa akwai tsohon silin da kwanon rufi na asbesto. Su fasa shi da guduma, su ɗauka a ka, ba ko ƙyalle a hanci. Da yamma a ba su kuɗin yini a sallame su.

Asbesto idan ya fashe yana fitar da ƙura mai siraran zare da ido ba ya gani. Idan zaren ya shiga huhu, ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye datti sukan taso su cinye shi kamar yadda suke yi wa ƙwayoyin cuta. To amma zaren ya fi ƙarfinsu, dogo ne, kuma ba ya narkewa. Sai su yi ta zubo sinadaran yaƙi har su mutu, wasu su taso, su ma haka. Wannan faɗa da ba ya ƙarewa shi ke ƙona naman huhu ya bar tabo, huhu ya sandare, numfashi ya gagara. Wato garkuwar da Allah ya ba mutum don kariya ita ce ake juyawa kansa. Bincike ya kuma nuna ƙwayoyin da ke farautar sankara suna rauni a jikin wanda ya daɗe yana shaƙar ƙurar, sai sankarar huhu ko ta fatar da ke lulluɓe shi ta samu ƙofa. Mai shan taba haɗarinsa ya ninka.

Abin da ya fi damun mu shi ne jinkirin cutar. Takan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana. Kafin nan lebura ya koma gida, ya tsufa, tari ya kama shi a ce tarin fuka ne, ko a ce sammu. Ɗan kwangilar ko sunansa bai riƙe ba.

Ingila ta haramta asbesto a 1999, Afirka ta Kudu a 2008. Mu nan har yanzu yana kan rufin makarantu da gidajen haya.

Amma doka ba ta bar lebura haka ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta haɗa da cutar da aiki ya jawo, kuma ta ambaci mai aikin wucin gadi da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Matsalar ita ce shaida. Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin leburori a kowace unguwa su buɗe littafi: sunan yaro, wurin aikin, rana, da wanda ya ɗauke shi. Kada a karɓi aikin rusau sai an kawo takunkumin hanci na ƙwarai da ruwan jiƙa silin kafin a taɓa shi. Wanda kuma ya yi irin wannan aiki a baya, idan ya je asibiti da tari ko haki, ya gaya wa likita da bakinsa, ya nemi a ɗauki hoton ƙirjinsa.