Kafin mu tofa yawu a kwalba, mu tambayi kaka

Jikokin bayi a Amurka masu neman asalinsu yawanci a shekarar 1870 suke cijewa. A ƙidayar wannan shekara ce aka fara rubuta sunayen bayin da aka 'yanta. A ta 1850 da ta 1860, bawa ba shi da suna a takarda. Shekarunsa, jinsinsa da launin fatarsa kawai ake rubutawa a ƙarƙashin sunan ubangidansa. Takardun ƙidayar 1890 kuwa, gobarar 1921 ta lalata mafi yawansu.

Shi ya sa da yawa suke komawa ga gwajin ƙwayoyin halitta na DNA. Mutum ya tofa yawu a kwalba, ya aika wa kamfani kamar AncestryDNA ko 23andMe, a gwada nasa da na mutanen da kamfanin ya tara, sai a ce masa kashi kaza Najeriya, kashi kaza Kamaru. Ba mu raina wannan ba, domin ya haɗa dangin da suka ɓace wa juna. Amma ƙiyasi ne, lissafin yakan canja in kamfanin ya ƙara samfuri, kuma ba zai faɗa maka sunan kakarka ba. Ga kuma haɗari: a 2023 masu kutse sun kwashe bayanan mutum kusan miliyan 6.9 daga 23andMe. Wanda ya ba da yawunsa, har sirrin danginsa ya bayar.

Abin da suke nema da kuɗi da hawaye, mu yana zaune a tsakar gidanmu. Mu nawa ne za mu iya kiran sunan kakan kakanmu? Mu zauna da tsofaffi tun suna da rai, mu tambayi garin da aka taso da dalilin ƙaura, mu rubuta. Mu roƙi fasto ya buɗe mana littafin baftisma da na aure.

In mun tarar da bauta ko abin kunya, kada mu share. Bisharar Matta ta fara da jerin zuriyar Yesu, kuma ba ta ɓoye Rahab ko Rut Bamowabiya ba. In kuwa jinin sarauta muka tarar, kada ya sa mu ɗaga wa kowa hanci.

Wannan makon, kowa ya nemi tsoho ɗaya a danginsa, da biro da takarda a hannu. Ubangiji ya taimake mu. Amin.