Sai ya rasu sannan za mu buɗe aljihu?



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku jama'ar wannan masallaci, Juma'ar da ta gabata na sanar da ku halin ɗan'uwanmu na sahun farko wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. An sallame shi daga babban asibitin ƙasa na nan Damagaram, likitoci suka ce abin da ya rage shi ne gashi da motsa gaɓɓai, wanda ma'aikatan lafiya ke kira kine, na tsawon watanni. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma magidanci da aljihunsa yake biya. Iyalinsa sun sayar da tumaki da keken ɗinkin uwargida, ƙarfinsu ya ƙare. Muka nemi gudummawa, abin da aka tara bai kai kuɗin ragon suna ba. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne maganganun da suka dawo kunnena.

Wani ya ce ƙaddara ce, a bar shi da Allah. Ya ɗan'uwa, yunwa ma ƙaddara ce, amma ban ga ka bar tuwon dare ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci bayin Allah da neman magani. Wanda ya kira rowarsa tawakkali ya yi wa tawakkali ƙazafi.

Wani ya ce jifa ne, ba ciwon asibiti ba ne. Wannan ciwo jijiyar jini ce ke toshewa ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, galibi sanadiyyar hawan jini. Addu'a muna yi, ba za mu fasa ba. Amma masana sun tabbatar cewa watannin farko su ne jiki ya fi karɓar gashi. Idan aka bar majinyaci kwance, gaɓɓai su ƙage, gyambo ya fito a bayansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani kuma ya ce an mayar da masallaci wurin bara. To, ku saurara. A cikin Mukhtasar, littafin da malamanmu na Malikiyya suka karantar da mu a zaure, Shehu Halil ya jera kawar da cuta daga Musulmi da shirya mamaci a layi ɗaya, cikin farillan kifaya. Ma'ana, idan wasu suka yi an ɗauke wa saura, idan kowa ya juya baya, duk wanda ya sani kuma yake da iko ya yi laifi. Mun riƙe guda mun saki guda. Wallahi da yau za a ce bawan Allahn nan ya cika, kafin azahar an kawo likkafani, an rufe shaguna a kasuwar Dole, an shimfiɗa tabarmi, buhunan shinkafa na shigowa don sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Shinkafar da ba zai ci ba muke tanadi, ƙafar da za ta dawo da shi sahu mun ƙi taimaka mata.

Mu mutanen Damagaram mun san tarihin Kara-Kara, unguwar da a zamanin baya aka ware masu cutar kuturta a cikinta, nesa da idon jama'a. Kada mu mayar da ɗakin kowane majinyaci wata Kara-Kara.

Ya kai mai zakka, aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci fakirai da miskinai da waɗanda bashi ya danne. Wannan gida ya shiga ciki, kuma a mazhabarmu ana fara raba zakka a garin da ta wajaba. Ya kai Alhaji mai shirin Umra ta biyar, nafila kake nufa ka tsallake farilla a ƙofar gidanka.

Ya kai talaka, kada ka raina naka. Mutum 200, kowa dala 20 duk Juma'a, jika 20 ke nan a mako, jika 80 a wata. Mai kabu-kabu ya ɗauki kai shi asibiti rana ɗaya. Mata su ziyarci uwargida, ita ma ta gaji.

Mai tsoron a ci amana yana da gaskiya. Don haka dattawa uku za su riƙe kuɗin, ni ba na taɓawa. Za a biya kai tsaye a karɓo takarda, a karanta lissafi bayan kowace Juma'a. Kuma ina gargaɗi: kada a yaɗa hotonsa a WhatsApp da sunan neman taimako. Rufin asirinsa haƙƙi ne a kanmu.

Lafiyar da kake taƙama da ita aro ce. Shi ma da ƙafarsa ya zo sallar asuba ranar da abin ya same shi.

Allah Ya ba shi lafiya tare da dukkan marasa lafiyar Musulmi, Ya tsare mu daga rowa, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum.