Gwiwar Saurayi Ba Ta Ƙwallo Kaɗai Ba Ce

Da zarar an gama girbi a Runka, sai filin ƙwallo ya cika. Samari su yi ta buga wasa da na ƙauyukan Safana da Batsari, yara kuma su yi ta langa da kokawa a dandali. Mun yi murna da wannan, domin wasa ya fi zaman banza. Amma akwai abin da ke damun mu. Samari da yawa suna ɗingishi bayan wasa, suna dafe da ƙasan ƙoƙon gwiwa, gobe kuma su koma fili.

Ga abin da ke faruwa. Akwai wata jijiya mai kauri da ta haɗa ƙoƙon gwiwa da ƙashin ƙwauri. Ita ce ke ɗaukar nauyi duk lokacin da mutum ya yi tsalle, ko ya dira, ko ya tsaya farat ɗaya cikin gudu. Idan aka yi ta ɗora mata aiki kullum babu hutu, balle a kan ƙasar rani mai tauri, sai ta fara lalacewa kaɗan-kaɗan. Wani likitan Amurka mai suna Blazina ya bayyana wannan ciwo a 1973, ya kira shi gwiwar mai tsalle. Da fari zafin yakan zo bayan wasa. Daga baya ya zo cikin wasa. Daga nan sai tsuguno ma ya gagara.

Mu a ganinmu, babban kuskuren shi ne yadda ake rufe bakin ciwon. Yaro ya je kemis ya sayi ƙwayar kashe zafi, wani har tiramadol, ya shiga fili. Ƙwaya ba ta gyara jijiya. Zafin ne kawai take ɓoyewa, ɓarnar kuwa tana ci gaba. Allurar kotison a cikin jijiyar kan raunana ta. Tsaga da ƙaho ba sa kai wa ga ciwon, mai ɗori kuma ba shi da abin ɗorawa, tunda ƙashi bai karye ba.

Ku tuna da Ronaldo na Barazil. Wannan jijiya ce ta tsinke masa a fili a watan Afrilu na 2000. Sai da aka yi masa aiki, ya yi fiye da shekara bai buga wasa ba, kafin ya dawo ya ci kofin duniya a 2002. Shi yana da likitoci da kuɗi. Namu yaron fa? In tasa ta tsinke, sai an kai shi babban asibiti a Katsina ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, ga tsada, ga halin da hanyoyin gefen dajin Rugu suke ciki. Damina kuma ba ta jiran mai jinya. Gwiwar da ke tsalle a fili ita ce za ta yi huɗa da noma.

Za a ce ai namiji ba ya gudun zafi. To, amma jarumtar da za ta bar gona babu mai nomawa ba ta amfani kowa ba.

Ga shawararmu. Wanda ya ji zafin nan ya daina tsalle da gudu mai tsanani, amma kada ya kwanta, domin zama kurum ba ya ƙarfafa jijiya. Ya riƙa jingina baya da bango, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya tsaya haka daƙiƙa 45, sau 5. In ya ji sauƙi, ya fara tsuguno a hankali da ƙafar mai ciwon, yana ƙara nauyi sannu-sannu. In zafin ya ƙaru washegari, aikin ya yi yawa, a rage. Wannan kan ɗauki wata 3 ko fiye. Idan gwiwa ta kumbura, ko aka ji ƙara, ko ƙafa ta kasa miƙewa, sai asibiti nan da nan.

Shugabannin ƙungiyoyi, ku ba 'yan wasa ranakun hutu a mako, kada ku sa mai ɗingishi don neman kofi. Iyaye, ku lura da tafiyar 'ya'yanku in sun dawo da yamma, ku tambaye su.